Yadda ƙwayoyin mama ke sarrafa gubar hayaƙi, da inda aikin ke juyewa ya haifar da sankara

Idan aka ɗauki sinadarin benzopirin, wanda yake cikin mafiya haɗari a hayaƙi, aka zuba shi a kwalbar gwaji tare da tsantsar DNA na ɗan Adam, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki, kusan babu abin da zai faru. Ba zai kama DNA ɗin ba, balle ya lalata shi. Amma a sa wannan sinadari a cikin ƙwayar halitta mai rai, a ba ta 'yan sa'o'i, sai a tarar ya manne ƙam a jikin DNA ɗinta. Duk abin da ya faru tsakanin shigarsa da mannewarsa aikin ƙwayar ne da kanta. Ita ce ta sarrafa shi har ya zama abin da zai cutar da ita. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanyoyin nonon mace kuwa, inda mafi yawan sankarar mama ke farawa, suna cikin waɗanda suka ƙware a wannan aiki.

Benzopirin ɗaya ne daga wani babban dangi na sinadarai da masana ke taƙaita sunansu da PAH. Haidirokabon ne, kabon da haidirojin kaɗai suka ƙunsa, ƙirarsu kuma zobba ce manne da juna. Na benzopirin zobba biyar ne, da ƙwayar kabon 20 da ta haidirojin 12. Duk inda wuta ta ci abu ba ta cinye shi sarai ba suna fitowa: itacen girki, karan dawa, gawayi, taba sigari, salansar babbar mota, janareta, bolar da aka cinna wa wuta, kitsen da ya ɗiga a kan garwashi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a ɗakin girkin da aka shekara ana hura itace, ya ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana lilo daga azara, ya shafa bango ya ji danƙo a yatsa, to ya ga inda suke taruwa.

Tun da daɗewa aka san akwai cuta a cikin wannan baƙin. A 1775 wani likitan tiyata a Landan, Percivall Pott, ya lura mazan da suka yi aikin share bututun hayaƙin gidaje tun suna yara suna yawan kamuwa da sankarar fatar maraina. A 1915 Katsusaburo Yamagiwa da Koichi Ichikawa suka tabbatar da zargin a Tokyo, bayan sun yi watanni suna shafa kwaltar kwal a kunnen zomaye har sankara ta fito. A 1933 kuma masu bincike a ƙarƙashin Ernest Kennaway a Landan suka tace kimanin tan biyu na kwalta, suka fitar da 'yan giram na sinadarin da ke yin ɓarnar, wato benzopirin. An kama mai laifi, amma tambayar sai ta ƙara tsauri, domin sinadari ne mai sanyin jiki da ba ya saurin haɗuwa da komai. James da Elizabeth Miller, miji da mata a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, su ne suka kafa hujjar cewa yawancin sinadaran da ke jawo sankara sai jiki ya sauya su tukuna suke iya ɓarna. A 1974 Peter Sims da Philip Grover da abokan aikinsu a Landan suka nuna ainihin abin da benzopirin ke komawa kafin ya kama DNA.

Ga yadda abin yake. Jiki ta ruwa yake fitar da shara, ta fitsari da ruwan madaciya. Sinadaran PAH kuwa ba sa narkewa a ruwa, a mai suke narkewa. Idan aka bar su yadda suka shigo, sai su laɓe a cikin kitse da fatar ƙwayoyin halitta, wadda ita ma da mai aka gina ta. Dole ke nan jiki ya sauya su su zama masu bin ruwa. Aikin hawa biyu ne. A hawa na farko wasu inzayim, wato furotin masu sarrafa sinadarai a jiki, na dangin CYP, musamman CYP1A1 da CYP1B1, suna maƙala wa sinadarin ƙwayar oksijin guda, don a samu wurin kamawa. A hawa na biyu wasu inzayim ɗin, irin su GST da UGT, suna ɗaura wa wannan wuri wani abu mai nauyi mai son ruwa, gulutatayon ko wani nau'in sukari ko salfet, daga nan sai ƙoda da hanji su yi waje da shi. Mafi yawan abin da muka shaƙa ko muka ci ta wannan hanya yake fita lafiya lau. Ba don haka ba, da babu mai girki da itace da za ta kai tsufa.

Matsalar ita ce CYP ba wuri guda yake ajiye oksijin ɗin ba. Masana sun ba kowace ƙwayar kabon a jikin benzopirin lamba. Idan oksijin ya sauka a wasu wuraren, abin da ke fitowa mai sauƙin fitarwa ne. Idan kuwa ya sauka tsakanin kabon na 7 da na 8, sai a samu wani ɗan ƙaramin zobe mai kusurwa uku da ake kira ifoksaid, wanda a takure yake, yana neman abin da zai fashe a kai. Jiki yana da maganin wannan, wani inzayim mai suna ifoksaid haidirolas, wanda ke sa ruwa ya buɗe zoben ya huce. Da nan aka tsaya da shi ke nan. Amma abin da ya fito yakan koma hannun CYP a karo na biyu, ya sake ajiye wani oksijin tsakanin kabon na 9 da na 10. Wannan sabon zoben yana daura da wani lungu a ƙirar sinadarin, inda inzayim mai hucewar ba ya iya kai masa da sauƙi. Shi ne ake kira BPDE. Matakai uku ne, kowanne an yi shi ne da nufin tsaftace jiki, amma ƙarshensu ya zamo garin neman gira an rasa ido.

BPDE yana kama duk abin da ya fara cin karo da shi. Idan ruwa ne, an huta. Idan gulutatayon ne, an huta. Idan kuwa ya kai cibiyar ƙwayar, sai ya kama DNA, kuma cikin haruffa huɗu da ake rubuta DNA da su, A da T da G da C, harafin G ya fi so. Yana mannewa ya karkatar da zaren a wurin. Har a nan ma akwai sauran kariya, domin ƙwayar tana da ma'aikatan gyara da ke bin zaren suna neman inda ya karkace, su yanke haruffa kusan 30 da ke kewaye da wurin, su sake rubuta su daga ɗaya ɓarin da bai lalace ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne lokaci. Idan ƙwayar ta tashi rabuwa biyu kafin a gama gyara, mai kwafar DNA yakan kasa karanta G ɗin da aka maƙale wa abu, ya sa A a gabansa maimakon C. A zagaye na gaba wurin da G yake sai ya koma T, kuma daga nan duk 'ya'yan wannan ƙwaya da kuskuren za su tafi. Haruffan DNA ɗinmu sun kai biliyan 3, yawancin irin wannan kuskure yana faɗawa ne inda ba ya komai. Amma idan ya faɗa a kan ƙwayar gado irin p53, wadda aikinta tsayar da ƙwayar da ta lalace ko kashe ta, to an buɗe ƙofa. A 1996 ƙungiyar Gerd Pfeifer a Kalifoniya ta nuna cewa wuraren da BPDE ya fi mannewa a jikin p53 su ne wuraren da aka fi samu a gurɓace a sankarar huhun masu shan taba.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula lissafi. A cikin ƙwayar akwai wani furotin mai suna AhR, wanda Alan Poland ya gano a 1976. Da zarar PAH ya shigo ya kama shi, sai ya wuce cibiya ya ba da umarnin a ƙara ƙera CYP1A1 da CYP1B1. Wato gubar da kanta take ƙara yawan inzayim ɗin da zai sarrafa ta. Mutum zai iya zaton mafita ita ce a rufe waɗannan inzayim gaba ɗaya, amma gwajin da ƙungiyar Daniel Nebert ta yi a Cincinnati ya nuna akasin haka. Ɓerayen da aka cire wa CYP1A1, aka riƙa ba su benzopirin ta baki, su ne suka mutu cikin makonni, 'yan'uwansu masu inzayim ɗin kuwa suka rayu. CYP1A1 na hanji da hanta, musamman na hanji, yana tare gubar tun a bakin ƙofa, a wurin da inzayim na hawa na biyu suke da yawa. Haɗarin yana ga abin da ya kuɓuce ya shiga jini, ya isa gaɓoɓin da ke da ƙarfin hawa na farko amma ba su kai hanta ƙarfin hawa na biyu ba.

A nan ne mama ta shigo. Gininta hanyoyin nono ne da ƙananan buhunan da ke yin nonon, dukkansu a nutse cikin kitse. Kitsen yana riƙe abin da ke narkewa a mai, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin kuma suna daf da shi. CYP1B1 kuwa a hanta kaɗan ne, amma a mama da mahaifa da ƙwan mace yana nan a kowane lokaci.

Wadda ta fi kowa buɗe wannan fage ita ce Martha Stampfer, a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. Kafin ita, rainon lafiyayyun ƙwayoyin mama na ɗan Adam a faranti abu ne mai wuyar gaske. Ta riƙa karɓar naman da likitoci suka cire wa matan da aka yi wa tiyatar rage girman mama, nama lafiyayye da za a zubar, ta narkar da shi a hankali ta ware ƙwayoyin hanyoyin nono daban, ƙwayoyin da ke saƙa naman da ke riƙe da su daban. A 1981 ita da Jack Bartley da abokan aikinsu suka wallafa abin da suka gani bayan sun sa wa kashi biyun benzopirin. Ƙwayoyin hanyoyin nono sun sarrafa shi da sauri, sun samar da BPDE, an kuma same shi manne a DNA ɗinsu, ɗan kaɗan ma ya isa ya tsayar da girmansu. Ɗaya kashin, duk da cewa daga jikin mace ɗaya aka ɗebo su duka, sai da aka ninka musu sinadarin sosai kafin su nuna irin wannan illa. Ke nan ba sai hanta ta dafa gubar ta aiko ba, mama da kanta tana iya dafawa, kuma ƙwayoyin da suka fi iyawa su ne ainihin waɗanda sankara ta fi fitowa daga cikinsu.

Ba su tsaya nan ba. Lafiyayyar ƙwayar ɗan Adam tana da iyakar sau nawa za ta rabu kafin ta tsufa ta tsaya. Sun ɗauki ƙwayoyin wata mace 'yar shekara 21 suka yi ta sa musu benzopirin. Wasu tsiraru suka zarce wa'adinsu, daga cikinsu kuma aka samu zuriya biyu, 184A1 da 184B5, da suka daina tsufa kwata-kwata. An ba da rahotonsu a 1985, har yau ana amfani da su a ɗakunan bincike. Abin da nake ganin ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duk da haka waɗannan ƙwayoyi ba su zama sankara ba. Da aka dasa su a jikin ɓeraye ba su yi ƙari ba, sai da aka ƙara musu wasu gurɓatattun ƙwayoyin gado da gangan. Benzopirin ya tura su wani zango a hanya, bai kai su ƙarshenta ba. Sankara ba da bugu ɗaya take zuwa ba, taruwar kurakurai ce a cikin shekaru.

Abin da ya sa mama ta bambanta da huhu ko fata shi ne CYP1B1 yana da wani aiki na biyu. Shi ne ke sarrafa istirojin, sinadarin da ke tafiyar da balaga da al'adar mace. Istirojin ma oksijin ake maƙala masa kafin a fitar da shi. CYP1A1 ya fi ajiyewa a kabon na 2, abin da ke fitowa kuma mai laushi ne. CYP1B1 ya fi ajiyewa a kabon na 4, wannan kuwa idan inzayim ɗin COMT bai yi saurin rufe shi ba, yana rikiɗa ya zama abin da ke kama DNA ya fizge harafi ya bar gurbi. Ercole Cavalieri da Eleanor Rogan a Nebraska sun shafe shekaru suna bin wannan hanya. To idan hayaƙi ya tayar da AhR, AhR ya ƙara CYP1B1, ba benzopirin kaɗai abin ya shafa ba, istirojin ɗin da ke jikin mace ma ana karkatar da shi zuwa hanya mafi haɗari. Ga shi kuma istirojin ne ke umartar ƙwayoyin mama su rabu, rabuwa kuwa ita ce ke mayar da taɓon da za a iya gyarawa ya zama na dindindin.

Wannan ya kawo mu ga shekaru. A 1961 Charles Huggins a Chicago ya nuna cewa idan aka ba ɓera mace 'yar kimanin kwana 50 wani PAH mai suna DMBA sau ɗaya tak, kusan dukkansu sai sun yi sankarar mama. Idan aka jira suka manyanta, adadin yakan faɗi ƙasa sosai. Jose da Irma Russo suka bayyana dalili: a lokacin balaga, hanyoyin nono suna tsiro cikin kitse, kan kowace hanya cike yake da ƙwayoyin da ke rabuwa ba ƙaƙƙautawa, ba su kuma gama zama abin da za su zama ba. Ciki na farko da ya kai haihuwa shi ke nunar da su. A mutane ma an ga alamar haka. Cikin matan da suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, waɗanda tururin nukiliya ya same su suna ƙanana sun fi samun ƙarin haɗarin sankarar mama, kuma a binciken taba, alaƙar ta fi fitowa ga waɗanda suka daɗe suna sha kafin haihuwar fari. Kada wani ya ɗauki wannan ya mayar da shi hujjar yi wa yarinya ciki kafin jikinta ya ƙosa. Yoyon fitsari da mutuwa wajen haihuwa sun fi wannan kusa kuma sun fi shi tabbas.

Ɓera dai ba mutum ba ne. DMBA a ɗakin gwaji ake haɗa shi, ba a hayaƙin murhu ake samunsa ba, kuma aikin Michael Gould a Wisconsin ya nuna ƙwayoyin maman ɓera sun fi kunna DMBA, na ɗan Adam kuwa sun fi kunna benzopirin. Mata ma sun bambanta da juna ƙwarai. Kusan rabin Turawa, alal misali, ba su da GSTM1, ɗaya daga inzayim na hawa na biyu, a Afirka kuwa masu wannan rashi ba su kai haka yawa ba.

Idan aka bar faranti aka koma kan mata a gidajensu, hujjar tana yin laushi, kuma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Babban binciken da Marilie Gammon ta jagoranta a Long Island ta jihar New York, wanda aka fara wallafawa a 2002, ya sami ƙarin haɗari matsakaici ga matan da aka ga PAH manne a DNA na jininsu, amma haɗarin bai riƙa hawa daidai da yawan mannewar ba. Wani binciken a Amurka a kan mata kusan 50,000 da 'yar'uwarsu ta yi sankarar mama ya sami ɗan ƙari ga masu hura itace a cikin gida. A 2016 kuma Serena Nik-Zainal da abokan aikinta suka karanta dukkan DNA na sankarar mama 560, wannan sawun na G ya koma T da taba ke bari a huhu bai fito cikin sawayen da suka gano ba. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa benzopirin a rukuni na 1, wato tabbataccen mai jawo sankara ga ɗan Adam, ta sa hayaƙin itace na cikin gida a rukunin da ke bi masa, na abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ta, amma game da taba da sankarar mama ta ce hujjar taƙaitacciya ce. Shekaru, da gadon gurɓatattun ƙwayoyin gado na BRCA1 da BRCA2, da giya, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, duk sun fi hayaƙi tabbatacciyar hujja.

Duk da haka ban yarda a ajiye maganar a nan ba, saboda waɗancan matan na Amurka murhunsu na ɗumama ɗaki ne mai bututun fitar da hayaƙi. A Kano ko Maraɗi ko Garwa, wadda ke gaban murhu mai duwatsu uku safe da yamma sau da yawa yarinya ce 'yar shekara goma sha, ta durƙusa tana hura ɗanyen itace da baki lokacin damina, idonta na hawaye, hayaƙi ya cika ɗakin da ba taga. Waɗannan su ne daidai shekarun da hanyoyin nononta ke tsiro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 2 ne ke girki da makamashi mai gurɓata iska, kuma hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin miliyan 3 a shekara ta ciwon huhu da zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ko da an cire maganar mama, wannan ya isa dalili. Busasshen itace, girki a fili ko a ɗaki mai taga, murhu mai tsimin itace, gas ga wanda ya samu hali, kowanne yana rage abin da ke shiga.

Ta baki ma sinadaran PAH suna shiga. A wajen mai tsire, idan kitse ya ɗiga a garwashi ya yi tsuwwa, hayaƙin da ya tashi ya lulluɓe naman shi ne mai ɗauke da PAH, shi ya sa naman da aka jera a gefen wuta ya fi wanda aka ɗora a kanta, ɓangaren da ya ƙone kuma a yanke a yar. Kifin banda da ya kwana a hayaƙi mai kauri yakan ɗauki da yawa. Tarayyar Turai tun 2014 ta kafa iyakar benzopirin a kifi da naman da aka yi wa banda a kan maikirogiram 2 a kowane kilo, kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙera wani murhun banda a Senegal, FTT-Thiaroye, wanda ke hana kitse taɓa wuta. Mafi muni shi ne babbakar kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya, abin da ake yi a fili a wasu mayanka. Wannan ba shi da uzuri, aikin hukumomin kula da mayanka ne su hana.

Ana samun ɗan PAH a ruwan nono, amma kada wata uwa ta ji haka ta yaye ɗanta. Babban nazarin da aka wallafa a 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin sankarar mama da kimanin kashi 4 cikin 100, amfaninsa ga jariri kuwa ya rinjayi komai. A 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da wannan cuta a duniya, 670,000 suka rasu, a Najeriya kuma ita ce kan gaba cikin sankarar mata, inda yawanci ake zuwa asibiti bayan ta yi nisa. Macen da ta ji ƙullutu a mamanta ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi kauri da ramuka, ta je asibiti a wannan makon ko da ba ya ciwo, domin ƙullutun sankara a farkonsa galibi ba ya ciwo.